Tambaya da Amsa: Wace Bindiga Ce Za Ta Tsare Ɗana Daga Beyar a Dajin Alaska?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni dattijo ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa, manomi ne ni, kuma maharbi ɗan maharbi, ko da yake yanzu ƙafa ta yi nauyi na rataye bindiga. Ƙanen yaron da zan yi maganarsa ne yake rubuta mini wannan wasiƙa. Ɗana na biyu ya sami gurbin ƙaro ilimi a fannin nazarin duwatsu da ma'adinai a wata jami'a da ke jihar Alaska ta ƙasar Amurka. Kwanan baya ya kira ni a waya ya ce idan sanyi ya wuce za su shiga daji su huɗu, a ƙafa, kowa da jakarsa a baya, su yi mako biyu suna kwana a tanti suna ɗebo duwatsun da za su yi nazari a kansu. Ya ce a dajin akwai wata dabba mai suna beyar wadda takan kashe mutum, ya turo hotonta, ni dai ban taɓa ganin irinta ba. Yana so ya sayi ƙaramar bindiga ta hannu, yana ta kai-kawo tsakanin wata da ake kira .44 Magnum da wata 10mm, ya ce in ba shi shawara tun da na san bindiga. Ni kuwa bindigar toka na sani. Abokaina maharba sun ce ya sayi wadda ta fi kowace ƙarfi, magana ta ƙare. Malam, wacce ya kamata ya saya? Sannan idan ya gama karatu, zai iya zuwa mini da ita gida? Akwai kurar da takan zo mana garken awaki da rani.

Daga wani uba, ƙaramar hukumar Gwaram.

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya tsare yaron, ya sa albarka a karatunsa. Abokanka maharba sun faɗi rabin gaskiya, domin lallai dabbar nan ba ta jin ƙaramin harsashi, amma sauran rabin da suka bari shi ne wanda rai ya rataya a kansa, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Ba laifinka ba ne da ba ka san beyar ba, babu ita a dazukan Afirka gaba ɗaya a yau. A Alaska kuwa iri uku ne: akwai fara da ke zaune a gaɓar teku mai ƙanƙara can arewa, akwai baƙa wadda aka ƙiyasta yawanta ya kai kimanin 100,000, sai kuma mai ruwan ƙasa, wadda ake kira girizli idan a cikin ƙasa take nesa da teku, yawanta kimanin 30,000. Wannan ta ƙarshe ita ce abin tsoron masu tafiya a ƙafa. Ana gane ta da tozo a kafaɗa irin na bijimi, da dogayen farata, da fuska mai ɗan lotsawa, kada yaron ya dogara da launi kawai domin baƙar ma takan zo da launin ƙasa-ƙasa. Namijin girizli yakan kai nauyin kilo 300, wato buhun masara uku, na tsibirin Kodiyak kuwa manyansu sukan haura kilo 500. Duk da wannan jiki, tana iya gudun kilomita 55 a awa, gudun babur a kan kwalta. Idan ka lissafa, mita 15 ke nan a daƙiƙa guda. Beyar ɗin da ta fito daga cikin ƙungurmin ciyayi mita 30 daga inda mutum yake tsaye, a daƙiƙa biyu ta iso shi. Baba, ka riƙe wannan lissafi na daƙiƙa biyu, domin duk abin da zan faɗa nan gaba da shi za a auna shi.

Kafin a zo ga irin bindiga akwai maganar doka, kuma ina mamakin yadda yaron bai ambata maka ita ba. Gaskiya ne dokar jihar Alaska tana da sassauci a kan makami, amma dokar tarayyar Amurka ta hana baƙon da ya shiga ƙasar da bizar zama na ɗan lokaci, irin ta ɗalibai, mallakar bindiga ko harsashi, sai wanda ya shiga cikin 'yan keɓantattun da aka yi wa rangwame, kuma mafi sauƙin samu a cikinsu shi ne mai riƙe da lasisin farauta wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Ko aron bindigar aboki ya yi ba tare da wannan ba, ya taka doka, hukuncin kuwa ɗauri ne na shekaru da kora daga ƙasar, karatun da aka sha wahala a kansa ya tashi a banza. Haka nan dillali mai lasisi ba ya sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma jami'o'i da yawa sun hana ajiye makami a ɗakin kwanan ɗalibai. Saboda haka ƙafarsa ta farko ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje za ta nufa, da kuma malamin da zai jagoranci tafiyar, domin jami'ar da ke tura ɗalibai dajin beyar tana da nata ƙa'idojin game da wanda zai riƙe makami da horon da zai samu. Idan kuma aikin zai kai su ƙetaren iyaka zuwa Kanada, to bindigar hannu ba za ta bi shi ba, dokarsu a kanta mai tsauri ce ƙwarai.

Yanzu sai bindigogin biyu. Lambobin nan da ya faɗa maka faɗin harsashi suke nunawa. Na .44 Magnum, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1950, faɗinsa kusan milimita 11 ne, na 10mm kuwa, wanda ya fito a 1983, milimita 10 ne kamar yadda sunansa ya nuna. Ka ga a faɗi bambancin bai taka kara ya karya ba. Inda suka rabu shi ne nauyin dalma da yawan albarushin da ke bayanta: harsashin .44 da ake ɗauka domin beyar yakan kai giram 16 zuwa 20, na 10mm kuma giram 12 zuwa 14, don haka na farkon ya fi duka da ƙarfi, ya fi nutsewa cikin nama da ƙashi. Akasari .44 libarba ce mai cin harsashi shida a cikin wani ɗan ganga mai juyawa, irin waɗanda kamfanonin Smith & Wesson da Ruger suke ƙerawa. Kyawunta shi ne ba ta cika cijewa ba, idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai a sake jan kunama ta juya zuwa na gaba, kuma ko an danna bakinta a jikin dabbar za ta tashi. Ita kuwa 10mm, wadda aka fi sani a cikinta ita ce Glock 20, tana cin harsashi 15, tana ɗura wa kanta na gaba bayan kowane harbi, kuma tokarin da take yi wa hannu ya fi sauƙi, shi ya sa mai ita yake iya maido da bakinta kan saiti da wuri. Ita ce sojojin Danmak masu sintiri a ƙanƙarar Girinlan suke ratayawa saboda farar beyar. Aibinta shi ne idan aka riƙe ta sako-sako, ko aka tokare bakinta da jikin dabba a lokacin kokawa, tana iya cijewa.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan biyu ƙarfi, irin su .454 Casull da .500 Magnum wadda ta fito a 2003, kuma su ne abokanka suke nufi ko da ba su san sunansu ba. A nan ne na saba da su. Ina yaro akwai wani kawuna maharbi da ya ɗauki alwashin wani gyado da ke yi masa ɓarna a gonar rogo. Ina tsugune ina kallo ya auna albarushi a tafin hannu kamar yadda ya saba, ya duba, ya ce bai isa ba, ya ƙara kusan wani tafin, ya cusa tsumma, ya daddanna da sandar ɗuri har jijiyar wuyansa ta fito. Da asuba muka ji ƙarar tun daga gida. Hantsi ya dawo yana dafe da kafaɗa, ta kumbura ta yi baƙi, gyadon kuwa ko gashinsa bai taɓa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayan ya warke, ya daɗe duk lokacin da zai ja kunama sai ya runtse ido ya kau da kai tun bindigar ba ta tashi ba. Kai ka fi ni sanin wannan cuta ta maharba, Baba. Haka babbar bindigar hannu take yi wa sabon hannu: tana dukan tafi da wuyan hannu, bakinta ya ɗaga sama, ƙararta ta toshe kunne, mutum ya koyi tsoronta, harsashinta kuma ga tsada, sai ya daina gwaji. Mai irin wannan bindiga a cikin daƙiƙa biyu harbi ɗaya zai samu, kuma mai yiwuwa iska zai harba. Ga nauyi kuma, domin .500 takan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma wanda ya yini yana hawan dutse da jaka cike da duwatsu, a kwana na uku zai cusa ta ƙasan jaka, inda ba ta da amfanin komai.

Don haka idan har bindigar hannu za a saya, ma'aunin shi ne mafi ƙarfin da yaron zai iya zarowa ya harba sau biyu ko uku a jere, duka su faɗa cikin wuri mai faɗin faifai, daga nisan taku goma. Ga wanda bai taɓa harba bindiga ba, kamar yadda nake zaton ɗanka duk da gidan da ya fito, 10mm ta fi kusa da cika wannan sharaɗi. Idan ya je filin koyon harbi ya gwada duka biyun a gaban mai koyarwa, ya ga .44 ba ta razana shi, to ya ɗauke ta, ba zan yi musu ba. Ko wacce ya ɗauka, abu biyu ba a sassauta su. Na ɗaya harsashi: ya nemi mai tauri, mai nauyi, mai shafaffen baki, wanda ba ya fashewa ko bajewa idan ya shiga, domin a gaban kayan cikin beyar akwai gashi mai kauri da kitse da tsoka da ƙashi, kuma harsashi mai rami a baki, wanda aka yi domin ya baje, yana iya tsayawa tun bai kai inda ake so ba. Na biyu wurin ratayawa: ɗamarar jakar baya tana rufe ƙugu, saboda haka masu wannan tafiya a ƙirji suke ɗaura kuben bindiga, inda hannu zai kai gare ta ko mutum yana tsugune yana fasa dutse, kuma sai ya yi ta gwada zarowa da jakar a bayansa, bindigar babu harsashi, har hannun ya haddace.

Duk da haka ya kamata ka san cewa hukumar kula da kifi da namun daji ta Alaska ba bindigar hannu take sa wa a gaba ba. Abin da take ba da shawara ga wanda dole ya harbi beyar shi ne doguwar bindiga mai harsashin .300 Magnum, ko irin bindigar nan ta harbin tsuntsaye mai lamba 12 amma a ɗura mata dunƙulen dalma guda, kuma ta yi gargaɗi cewa ko .44 Magnum tana iya gazawa a lokacin gaggawa, musamman a hannun da ba shi da horo. Dalili a fili yake, ƙarfin harsashin doguwar bindiga ya ninka na .44 fiye da sau biyu. Ana ɗaukar ƙaramar ne kawai saboda ita ce za ta kasance a jiki lokacin da doguwar take jingine a gindin bishiya.

Wasu masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, sun bi diddigin abin da ya faru a Alaska a zahiri. A binciken da suka fitar tare da abokan aikinsu a 2012, sun duba arangama 269 tsakanin beyar da mutane masu bindiga daga 1883 zuwa 2009. Masu bindigar hannu sun yi nasarar tsayar da dabbar a kashi 84 cikin ɗari, masu doguwa a kashi 76, amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yawan raunin da mutane suka ji bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba, kuma babban dalilin gazawar bindiga shi ne rashin samun lokaci. Ka ga daƙiƙa biyun nan sun dawo. Kafin wannan, a 2008, sun fitar da wani binciken a kan wani makami daban wanda yaron bai ambata maka ba, wato feshin barkono. Daga abubuwan da suka faru tsakanin 1985 da 2006, feshin ya kori beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin ɗari na lokutan da aka fesa mata, kashi 98 na mutanen da ke ɗauke da shi kuma sun tsira ba rauni. Ba daidai ba ne a jera alƙaluman biyu kafaɗa da kafaɗa kamar gasar tsere, domin yanayin da aka tattara su ya bambanta, kuma sau da yawa wanda ya kai ga harbi yana cikin halin da ya fi muni tun farko. Amma ko an rage wa barkonon wani abu, abin da ya saura ya isa a girmama shi.

Na san maharbi zai yi dariya idan aka ce masa barkono zai tsayar da dabba mai nauyin buhu uku. To ka tuna ranar da ake dakan barkono a tsakar gida, yadda turmi ɗaya yake korar kowa har da kai mai gida, ana tari ana hawaye. Wannan feshi ruwan zafin barkono ne tsantsa aka matse a gwangwani mai kimanin giram 225, yana fita kamar hazo ya kai nisan mita tara, beyar kuwa hancinta ya fi na kare jin wari nesa ba kusa ba, abin da take taƙama da shi ke nan, shi ne kuma lagonta. Fa'idarsa a kan harsashi ita ce ba ya buƙatar saiti mai kyau, hazon yakan tare hanya ne dabbar ta shigo cikinsa da kanta, kuma idan ta riga ta danne abokin tafiya, ana iya fesa musu su biyun, shi ya sha yaji ya tashi da ransa, abin da ba za a yi da harsashi ba. Yana da nasa sharuɗɗan. Iska tana iya maido shi kan mai shi, don haka kamar mai shiƙar hatsi, sai an lura da inda take kaɗawa. Gwangwanin yakan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana da ranar lalacewa a rubuce, ba a shiga jirgin sama da shi, kuma ba a shafa shi a tanti ko tufafi kamar maganin sauro, domin idan ya kwanta warinsa jawo beyar yake yi. Kuɗinsa kusan dala 50 ne, bindiga kuwa ɗaruruwan daloli, kuma ba ya buƙatar lasisin farauta.

Akwai wani abu kuma da duk wanda ya taɓa bin sawun ɓauna mai rauni ya sani: dabbar da aka harba ba ta mutu ba ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari. Sau da yawa beyar takan taso da gudu ne domin barazana, ta ja birki ko ta kauce tun ba ta iso ba, musamman uwa mai 'ya'ya ko wadda aka tarar a kan mushe. Wanda ya yi gaggawar harbi ya raunata ta, ya mayar da barazana faɗa na gaske. Kuma ko ya kashe ta domin kare ransa, dokar Alaska ta wajabta masa ya kai rahoto nan da nan, ya feɗe ta ya miƙa wa hukuma fatar da faratanta da ƙoƙon kan.

Mafi yawan tsaron ma tun kafin a haɗu ake yin sa, kuma a nan iliminka na daji ya fi nawa amfani gare shi, sai dai a juye: maharbi yana saɗaɗawa ne kada nama ya ji shi, su kuwa so ake a ji su. Su riƙa magana da ƙarfi, musamman a bakin rafi da cikin duhuwa, su tafi a dunƙule su huɗun, kada ɗaya ya ware. Abinci da duk wani abu mai ƙamshi, har sabulu da man goge baki, a zuba a cikin gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, a ajiye shi da wurin girki kimanin mita 90 daga tanti. Ka gaya masa ya bar kwalbar turarensa a gari, na san halin samarinmu. Idan sun yi ido biyu da ita kada ya gudu, ya tsaya, ya yi magana a natse, ya ja da baya sannu a hankali. Idan girizli ce ta kai masa duka saboda an firgita ta, ya kwanta rub da ciki, jakar tana bayansa, ya haɗa hannuwa a ƙeya, ya buɗe ƙafafu yadda ba za ta juya shi ba, ya yi lamo har ta tafi. Idan baƙa ce, ko kuma kowace iri ce ta biyo shi tana fako ko ta shigo tanti da dare, to wannan ci take nufi, ya yi faɗa da duk abin da hannunsa ya kai, ya nufi fuska da hanci.

Shawarata a dunƙule ita ce kowane ɗaya daga cikin su huɗun ya rataya feshin barkono a ƙirji ko a ɗamara. Bindiga kuma ta zama ta biyu, a hannun wanda ya fi su horo, idan jami'a ta yarda kuma takardu sun cika. Idan tafiyar ta matso, yaron bai sami watannin da zai yi yana gwaji ba, ya bar sayenta bana.

Game da zuwa maka da ita gida kuwa, Baba, ka cire wannan daga ranka, ka kuma cire shi daga ran yaron. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol, wato bindigogin hannu irin waɗannan biyun, a jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba mai ba da lasisinsu sai shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da ita a filin jirgin Malam Aminu Kano ba zai kwana a Gwaram ba. In ya gama, ya sayar da ita can ta hannun dillali mai lasisi. Ita kura da ma ba aikin bindigar hannu ba ce, da dare take zuwa, ba ta tsayawa a saita ta, kuma harsashi a cikin duhu kusa da gidaje yana iya samun wanda ba a nufa ba. Ka sa yara su ɗaga shingen garken da ƙaya mai kauri, su toshe ƙasansa inda take tonawa, a daina yar da mushe a bayan gari, a ɗaure karnuka biyu kusa da awakin, a rataya fitila mai aiki da hasken rana a bakin garken. Idan ta ci gaba da zuwa, ka sanar da mai unguwa da sarkin baka su kai maganar ga ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma.